Kwanan Waje a Bompai, Sharaɗa da Challawa: Yadda Za Ka Kare Kanka Daga Cizo da Harbi

Idan aka tashi daga aiki aka rufe ƙofofin kamfanoni a Bompai da Sharaɗa da Challawa, ba kowa ne ke komawa gida ba. Direban tirelar da ya iso da la'asar bai samu an sauke masa kaya ba, a bakin ƙofa zai kwana shi da yaron motarsa, wani lokacin har kwanaki kafin layi ya zo kansa. Ga mai gadi, ga 'yan dako da 'yan ci-ranin da ba su da ɗaki a gari, ga mai shayi da ke kwana kusa da teburinsa, ga ma'aikatan dare da kan fito su miƙe a benci idan wuta ta ɗauke injuna suka tsaya. Da bazara kuwa, in zafin Afrilu ya haura digiri 40, ko mai ɗaki ma tabarmarsa yake ja ya fito. Duk zango suke yi kamar fataken da, sai dai nasu zangon a gindin katangar kamfani yake.

Tambayi kowanensu abin da ya fi tsoro, zai ce maka kunama. Ba laifi, harbinta na sa ƙato kuka. Amma a Kano da wuya ka ji ta kashe babban mutum mai lafiya. Wanda ke kwantar da mutane, ya cinye kuɗin aljihunsu, ya kai wasu kushewa, sauro ne, wanda ake kora da bayan hannu ana ci gaba da hira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a Najeriya suke. Bayan sauro, abin tsoro na biyu ba ƙwaro ba ne ma, maganin da ake fesawa don kashe ƙwarin ne.

Zaɓen makwanci

Aikin yana farawa tun da sauran hasken rana. Wanda ya bari sai bayan isha'i, ya sha shayi, barci ya cika masa ido, sannan ya fara laluben inda zai shimfiɗa tabarma, ya riga ya makara. Tsakanin la'asar da magariba za ka zaga ka ga wurin da idonka.

Fara da ruwa. Unguwannin nan uku ba sa rabuwa da ruwan kwata ko da rani, domin majemu da kamfanonin lemo da na roba ba sa jiran damina kafin su zubar da ruwa. Na Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara. Na Sharaɗa yana gangarawa ta Salanta zuwa kogin Challawa, wanda masana'antun Challawa ke zaune kusa da gaɓarsa. A hanya lambatu kan toshe da leda, ruwa ya kwanta. Matsa nesa da shi gwargwadon iko, ka nemi inda iska ke ratsawa, saboda sauro ba shi da ƙarfin tashi cikin iska. Lungun da ke tsakanin katanga da kwantena yana da daɗin fakewa daga idon mutane, amma a nan sauro ke yini.

Sannan dubi ƙasa. Tarin bulo, tsofaffin katakon ɗora kaya, buraguzan gini, tulin itacen mai shayi, tsohon tamfol da aka yar, rami a gindin katanga: kada ka kwanta kusa da ko ɗaya. Share wurin da tsintsiya, ka zarce faɗin tabarmar da kamar taku biyu ta kowane gefe. In ka ga layin cinnaka, kada ka tsaya watsa mata ruwa, canja wuri kawai. Ai an ce ba ta san na gida ba, balle baƙo. Kada kuma ka ci abinci a kan shimfiɗa, ɓurɓushin burodi da sukarin shayi ne ke gayyato ta. Daga nan ɗaga kai ka dubi rassan darbejiya da ƙasan rumfar kwano da saman tagar ɗakin mai gadi. Gidan rina kake nema, da cincirindon ƙudan zuma.

In da hali, rabu da ƙasa. Benci biyu a haɗe, gado mai naɗewa, ko bodin mota in babu kaya a ciki. Tazarar kamu ɗaya daga ƙasa tana raba ka da yawancin masu rarrafe. Janye bencin daga jikin bango, kuma kada mayafi ya zubo ya taɓa ƙasa, ta nan kunama za ta hau. Kwana a ƙarƙashin tirela kuwa ban yarda da shi ba, ba don ƙwari ba. In ya zama dole, a tokare tayoyi, makullin motar kuma ya kwana a aljihun wanda ke kwance a ƙarƙashin.

Sauro

Ba duk sauro ne ɗaya ba. Mai kukan nan a kunne, wanda ke tasowa daga kwata da masai, masana na kiransa Kuleks. Shi ya fi yawa a irin waɗannan unguwanni, shi ke hana barci, amma ba ya ɗauke da maleriya. Mai ɗauke da ita, Anofilis, ba shi da yawan hayaniya. In ya sauka a bango za ka ga ya sunkuyar da kai ya ɗaga bayansa sama. Ya fi son ruwan da rana ke bugu wanda bai ƙazantu sosai ba: ruwan saman da ya kwanta a sawun tayar tirela, kududdufi, ramin da aka haƙi ƙasar gini, da lambunan bakin kogi. Macen ce kaɗai ke cizo, daga faɗuwar rana zuwa asuba, ta fi kuma ƙwazo da tsakar dare lokacin da barci ya yi nauyi. Shi ya sa daren da ka ce «yau babu sauro» ba lallai ne ka kwana lafiya ba.

Na ukun shi ne mai zanen fari da baƙi a ƙafafu, Edis, wanda ke cizo da hantsi da la'asar. Gidansa tsohuwar taya da durom da gwangwani, kuma garejin manyan motoci ba ya rasa su. Shi ke yaɗa zazzaɓin shawara da denge. Shawara ta sake ɓullowa a Najeriya a 2017, allurarta kuwa sau ɗaya ake yi, ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Direban da ke ƙetare iyaka zuwa Maraɗi ko Damagaram ya san katin nan mai ruwan ɗorawa. Wanda ya sayi katin ba a yi masa allurar ba, jami'in kan iyaka kaɗai ya yaudara.

A zafin Kano, ƙwan sauro kan zama sauro mai tashi cikin mako ɗaya zuwa kwana 10. Don haka wanda ya ware rana guda a mako, a ce kowace Juma'a da safe, ya kife durom, ya zubar da ruwan tayoyi, ya cike ramukan bakin ƙofa da ƙasa, ya rage sauron da ake haifa a harabarsa. Tayar da ba za a sake amfani da ita ba a huda ta, ko a cika ta da yashi. Wannan aikin na masu kamfani ne kafin ya zama na mai gadi, haka ma yashe lambatun da ke gaban katangarsu.

Babu abin da ya kai gidan sauro mai magani, amma sai an iya ɗaura shi. In sabo ne, warware shi ka rataye a inuwa na awa 24 kafin ka kwana ciki, in ba haka ba ka tashi fuska na raɗaɗi. A inuwa na ce, don rana na kashe maganin. Ka riƙa tafiya da igiya huɗu dogaye: biyu a jikin bodin mota, biyu a katanga, ko a sanda da aka kafa cikin bokitin yashi. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaura shi can sama, bakinsa na reto. Sauko da shi yadda gefen zai yi saura, ka cusa ƙarƙashin tabarma ko katifa ta kowane ɓangare. Wannan cusawar ita ke hana kunama da shanshani shigowa, ba sauro kaɗai ba. In ka shiga, haska kusurwoyi da tocila, ka kashe wanda ya biyo ka. Kada gwiwa ko hannu ya jingina da ragar, ta nan zai cije ka daga waje. Huda ko ta kai girman ɗan yatsa a ɗinke ta ko a ƙulle. Wanki da sabulu mai sauƙi, ba da bilic ba, shanya kuma a inuwa. Maganinsa kan kai wajen shekara uku ko wanki 20. Gaskiya ne sauron ƙasar nan ya fara jure maganin da aka saba sa wa gidajen sauro, shi ya sa sababbin ke zuwa da ƙarin sinadari. Amma ko maganin ya raunana, ragar na nan tsakaninka da shi. Masu cewa yana da zafi ba ƙarya suka yi ba, sai dai a fili inda iska ke wucewa zafin kaɗan ne.

Baba mai gadi ba zai shige gidan sauro ya bar ƙofa ba, nasa tsarin dabam ne: riga mai dogon hannu, wando har idon sawu, safa, da takalmi rufaffe. Ƙafa ce abin kiyayewa, domin Anofilis ƙasa-ƙasa yake bi, a ƙafa da idon sawu ya fi cizon wanda ke zaune. Abin da ya rage a buɗe, wuya da bayan hannu, a shafa masa man korar sauro irin su Odomos ko wani mai sinadarin DEET, ban da ido da baki da wurin rauni. Alwala na wanke shi, saboda haka a sake shafawa bayan ta isha'i. Maganin sauro na kunnawa yana ɗan taimakawa a waje in an ajiye shi ta inda iska ke fitowa, a kan ƙarfensa, cikin faranti, nesa da auduga da katifar soso da jarkar mai. Cikin ɗaki rufaffe, hayaƙinsa kai ma kake shaƙa.

Fiya-fiya da ƙwayar hatsi

Nan ne ake gudun gara a faɗa wa zago. Fiya-fiyar da ake ɗurawa a kwalba babu takarda, da Sniper, sinadarinsu ɗaya ne, dikulobos, maganin gona ne da sito. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da shaguna, amma har yau ana yayyafa shi a ɗakin gadi da kan mota, a rufe ƙofa a kwanta. Yana shiga jiki ta numfashi da ta fata. Alamominsa: miyau na dalala, gumi, amai, gudawa, baƙin ido ya tsuke, numfashi ya sarƙe. In ka ga haka, fitar da mutum iska, cire masa tufafin da maganin ya taɓa, wanke jikinsa da sabulu, ka kai shi asibiti tare da kwalbar. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai. Akwai allurar da ke karya wannan guba, a asibiti take.

Wanda ya fi wannan muni shi ne ƙwayar da ake jefawa cikin buhunan wake da masara a sito. In ta sha danshin iska sai ta saki gas mai kisa, wanda babu makarinsa. Kada a sa ta a ɗakin kwana don kuɗin cizo, kada kuma a kwana cikin sito ko kwantena ko bodin motar da aka sa wa kayanta wannan ƙwaya, ko da a bakin ƙofa ne.

Kunama da maƙwabtanta

Kunama ta fi fitowa da bazara da farkon damina, lokacin da ruwa ya cika mata rami. A Nuwamban 2021, ruwan sama mai ƙarfi ya koro kunamu cikin gidaje a Aswan ta ƙasar Masar, suka harbi mutum fiye da 500. A unguwannin masana'antu wasu ma baƙi ne, sun zo daga ƙauye cikin itace ko buhunan riɗi da gyaɗa da zoɓo. Duwu, baƙin nan ƙato mai manyan hannuwa, ya fi ban tsoro a ido, amma dafinsa bai kai na ƙaramar nan ja-ja mai siraran hannuwa da kaurin wutsiya ba.

Ba ta farautar mutum, danne ta ake yi ta rama. Don haka: kakkaɓe takalmi kafin ka zura ƙafa, kakkaɓe riga da hula da sallaya, kada ka taka ƙasa da dare babu takalmi ko da fitsari za ka, kada ka zura hannu ƙarƙashin buhu ko cikin ramin bulo ba ka haska ba. Ɗan dako ya fara jan buhun da ƙugiya ya ga abin da ke ƙasa. Matakan nan su ne kuma ke kare mutum daga maciji.

In ta harbe ka, wanke wurin da ruwa da sabulu, ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, ko ledar ruwa mai sanyi, ka sha farasitamol. Kada a tsaga da reza, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya, kada a zuba man birki ko ruwan batir ko fetur. Ƙuna kawai za su ƙara maka a kan harbi. Wanda ke son tofi ya yi, ba ya hana zuwa asibiti. In zafin ya gagara, allurar kashe zafi da ake yi a daidai wurin tana kwantar da shi cikin mintuna. Yaro kuwa ba a jira da shi. Almajiri ko ɗan mai abinci da kunama ta harba a kai shi asibiti nan take, musamman in ya fara gumi, amai, dalalar miyau, fizge-fizge ko haki. Can arewa wajen Agadas, inda kunamun sahara suke, harbin na kashe yara, direbobin wannan hanya su riƙe haka. Daga Bompai, asibitin Nassarawa da na Sir Muhammadu Sanusi sun fi kusa. Daga Sharaɗa da Challawa, a nufi na Murtala ko na Malam Aminu Kano.

Cizon shanshani yana da zafi da kumburi, ana kula da shi kamar harbin kunama, yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Ƙadandoniya ba ta cizo.

Akwai wanda ba ya cizo ba ya harbi, amma ya fi su barin tabo: ƙwaro mai fitsari. Ɗaya siriri ne, bai kai tsawon farce ba, jikinsa baƙi da ja. Akwai kuma manyan da ke fitowa lokacin da gero ke fure. Da damina hasken fitilun tsaro na kamfanoni ke tara su. Ya sauka a wuyanka, ka murje shi cikin barci, ruwan jikinsa ya shafe ka. Bayan kwana ɗaya ko biyu wurin ya tashi kamar ƙunar wuta. Kada ka shimfiɗa a ƙarƙashin fitila. In ka ji abu na tafiya a jikinka, hure shi ko ka kaɗe, kada ka mare shi. In ka riga ka murje, wanke wurin da hannunka da sabulu nan da nan, kafin hannun ya kai ido.

Zuma da rina

Da rani ƙudan zuma na neman ruwa da zaƙi, ga kuwa famfo mai ɗiga, ga sharar kamfanonin alewa da lemo. Ɗaya-ɗaya a bakin famfo ba sa faɗa. Haɗarin yana wurin gidansu, cikin kogon bishiya, silin, ko tsohon injin da aka daɗe ba a taɓa ba. Ƙarar janareto ko sara da adda na iya tayar da su. In sun taso, rufe fuska da riga ka yi gudu, ka shige mota ko ɗaki ka rufe. Kada ka tsaya kana kaɗa hannu, kada ka faɗa ruwa, za su jira ka a sama. Ƙudan zuma kan bar ƙarinsa a fata yana ci gaba da zuba dafi, a kankare shi da farce da sauri. Rina ba ta barin ƙari, tana iya maimaita harbi. Zanzaro mai ginin laka a bango kuwa da wuya ya kula ka.

Abin lura a nan: akwai mutanen da harbi guda ke iya kashewa. In leɓe ko harshe ko fuska ta kumbura, jiki ya feso da borin jini, murya ta dushe, numfashi ya yi wuya ko jiri ya ɗebi mutum, mintuna ake ƙirgawa. Allurar adirenalin yake bukata, ba ƙwayar ƙaiƙayi daga kemis ba. Wanda kuma suka yi wa taron dangi, harbi da yawa, ya je asibiti ko yana jin garau, balle in fitsarinsa ya yi duhu.

Masu bin mutum gida

Kuɗin cizo na zaune a tsagar benci, ɗinkin katifa, da kujerar kan mota. Za ka gane shi da ɗigon baƙi-baƙi a ɗinki da cizo a jere. Ba a san shi da yaɗa cuta ba, kuma ba shaidar ƙazanta ba ne, ko birnin Faris ya sha fama da shi a 2023. Zafi ne maganinsa: tafasasshen ruwa a tsagogin benci, tufafi a ruwan zafi, katifa da bargo a ƙulle cikin baƙar leda a yini a ranar bazara. A maimaita bayan kwana 10, don ƙwan da ya tsira ya ƙyanƙyashe. Jakarka a rataye, kada ta kwana a kan katifar aro. Ƙuma kuwa ɓera take bi, inda sito ya cika da ɓeraye kada a kwanta a ƙasa.

Masu sauke ƙirgi da ɗanyar fata a majemu, da masu ɗaukar shanu, su duba jikinsu kafin barci: hammata, matsematsi, bayan gwiwa, cikin gashi. Kaska a kama ta da hantsaki dab da fata, a ja a hankali a miƙe, a wanke wurin. Kada a ƙona ta da sigari, kada a fasa ta da farce, domin wasu na ɗauke da zazzaɓi mai sa zubar jini. Wankin da aka shanya a ƙasa kuma, akwai ƙudan da ke yi masa ƙwai, tsutsar ta shige fata ta zama maruru mai motsi. Shanya a igiya cikin rana, a goge in da hali. In ta riga ta shiga, toshe bakin marurun da basilin, za ta leƙo neman iska a matse ta.

In zazzaɓi ya zo

Maleriya ba ta tashi washegarin cizo, takan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Direban da sauro ya ciza a Challawa yana iya kwantawa a Legas. Ta fi yawa daga tsakiyar damina zuwa kaka, amma a bakin kogi da lambuna ba ta yankewa gaba ɗaya. In jiki ya yi zafi, a fara da gwajin jinin nan na ɗan yatsa, minti 15 zuwa 20 ne, domin ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba. In ita ce, maganin haɗi irin su Coartem ake sha, sau shida cikin kwana uku, tare da abinci mai ɗan maiƙo ko shayi da madara don ya shiga jiki. An daina dogaro da kulorokwin a Najeriya tun 2005, ƙwayar cutar ta saba da shi. A shanye duka, ko an ji sauƙi a rana ta biyu, kada a rage saura a ajiye a mota don wata tafiyar. Wanda ke amai ba ya riƙe magani, ko ya fara sambatu, ko suma, ko idonsa ya yi ɗorawa, ko fitsarinsa ya koma kalar shayi, ya wuce hannun mai kemis. A asibiti a gaya wa likita inda ya kwana a makonni biyun da suka wuce, da irin kayan da ya ɗauka ko ya sauke, musamman in dabbobi ne ko fata ko hatsin da aka sa wa magani.